Yini Biyar a Dazukan Arewacin Tanzaniya: Inda Kamfanin Safari Ya Cika Alkawari da Inda Ya Gaza

A watan Satumba ni da maiɗakina muka je kallon namun daji a arewacin Tanzaniya ta hannun wani ƙaramin kamfani da ke birnin Arusha, kuma tun da muka dawo tambaya ɗaya ake yi mini, wato ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya, amma da na san abin da na sani yau, da ban amince da jadawalin tafiyar yadda aka miƙo mini shi ba. Abin da mutum yake saya a irin wannan tafiya shi ne sa'o'in da zai yi a gaban dabba, injin mota a kashe, tare da jagoran da ya san abin da dabbar za ta yi kafin ta yi shi. Da wannan ma'auni zan auna kamfanin, domin masauki da abinci da lafiyar mota duk a bayansa suke.

Sunan da ake kiran harkar da shi, safari, kalmar Swahili ce mai nufin tafiya, kuma tushenta ɗaya da safara da muke faɗa a Hausa, dukkansu daga Larabci suka fito. Tsarin da muka biya na yini biyar ne da kwana huɗu, daga Arusha zuwa gandun Tarangire, daga nan Serengeti, sannan kwarin Ngorongoro a hanyar dawowa. Kuɗin ya ƙunshi mota da direba, wanda shi ne kuma jagora, da kuɗin shiga gandaye, da masauki, da abinci sau uku a rana, da ruwan sha. Tikitin jirgi da biza da tukuicin direba suna wuyan matafiyi. Wanda ya ga tsadar ya kamata ya san cewa kaso mai yawa na kuɗin ba ya zama a aljihun kamfanin. A lokacin da muka je, kuɗin shigar baƙo babba Serengeti dala 70 ne a kowace awa 24, ban da harajin kashi 18 cikin ɗari, ga wani kuɗin na daban da ake biya saboda kwana a cikin gandun, kuma duk motar da za ta gangara kwarin Ngorongoro sai ta biya kusan dala 300. Zama ɗan Afirka ba ya rage wa mutum komai a waɗannan kuɗaɗe, sai dai idan ɗan ɗaya daga cikin ƙasashen Ƙungiyar Gabashin Afirka ne ko mazaunin Tanzaniya. Saboda haka idan wani kamfani ya kawo farashin da ya yi araha fiye da kima, a tambaye shi a ina ya rage, domin bai isa ya rage kuɗin gwamnati ba.

Kafin mu tashi, ofishinsu ya yi aikin da ya cancanci yabo. Su ne suka ankarar da ni cewa mai fasfo ɗin Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, dole ya nema tun da wuri ya jira amincewar hukumar shige da fice, kuma sun aiko da takardar gayyata ba tare da ɓata lokaci ba. Sun tuna mana da katin rigakafin shawara, wanda aka duba a filin jirgin Kilimanjaro, sun kuma gargaɗe mu kada mu zo da leda, domin ƙasar ta haramta ta tun ranar 1 ga Yuni, 2019.

Motar Land Cruiser ce mai rufin da ake ɗagawa sama, yadda mutum zai miƙe tsaye ya leƙa yana cikin inuwa. Ta kwana biyu, amma an kula da ita, tana da tayoyin safaya biyu a baya, da ɗan firji, da wurin cajin waya, da oba-oba wadda direbobi ke sanar da juna inda aka ga dabba. Mu huɗu ne fasinjoji, kowa da tagarsa. Madubin hangen nesa guda ɗaya tak aka tanada mana, kuma wannan ƙaramin sakaci ya dame mu a ranar ƙarshe, kamar yadda zan faɗa.

Dukiyar wannan kamfani ita ce direban da aka haɗa mu da shi, mutum mai ƙarancin magana wanda ya ce ya shekara 14 yana wannan aiki. Yana kirana Mzee, wato lafazin girmamawa ga dattijo a wurinsu, maiɗakina kuwa Mama. Tun a Tarangire, mai nisan kimanin kilomita 120 daga Arusha, muka gane irin hannun da muka faɗa. An kafa gandun a 1970, kuma an san shi da abu biyu, giwaye da kukoki. Kukokin manya ne ƙwarai, da yawansu an ɓantare musu ciki har ya yi kogo, aikin giwaye ne da ke yagar ɓawon da haure suna tauna shi saboda damshin da ke ciki idan rani ya tsananta. A Satumba ciyawa ta bushe, tafkunan damina sun ƙafe, don haka dabbobi kan tattaru a kogin Tarangire, wanda shi kansa a wurare da dama yashi ne kawai ake gani.

A bakin wannan yashi direban ya tsayar da mota ya kashe inji, alhali ba mu ga komai ba sai ƙura can nesa. Motoci biyu suka zo suka wuce. Da na tambaye shi abin da muke jira, sai ya ce, "Mzee, ka ba su lokaci, ƙishirwa za ta kawo su nan, jiya ma a nan suka tona." Mun yi kusan minti 30 kafin garken ya ɓullo, giwaye goma sha ɗaya, wata tsohuwar uwa a gaba, kunnenta na hagu a yage. Ta gangara cikin yashin, ta shinshina da hanci, ta fara ture yashi da ƙafar gaba, sannan ta zura hancin tana kwasowa tana watsarwa gefe, har ramin ya yi zurfin kusan kamu biyu. Ta dakata, ruwa ya tsatso, ta zuƙa ta kai baki. Wani ɗan ƙarami da bai iya sarrafa hancinsa ba tukuna ya durƙusa a gaban ƙafafunta yana neman kai bakinsa ga ruwan, ita kuma ta ja baya kaɗan ta ba shi wuri. Muna jin kurman ƙarar da ke fitowa daga maƙogwaronsu, muna jin sautin ruwa yana zuba a cikinsu. Direban ya bayyana mana cikin raɗa cewa garken giwa na mata ne da 'ya'yansu, tsohuwar ce ke riƙe da sanin wuraren ruwa, toro kuwa idan ya balaga barin garken yake yi, kuma giwa tana ɗaukar ciki wata 22. Wannan rabin awa na jira da abin da ya biyo bayansa shi ne abin da na biya kuɗi dominsa, kuma motocin da suka wuce ba su same shi ba.

Abin da ya rage armashin Tarangire shi ne ƙudan tsando, wanda cizonsa ke ratsa riga. Yana son launin baƙi da shuɗi mai duhu, shi ya sa ake rataye ƙyallaye masu waɗannan launuka a jikin bishiyoyi, an shafa musu magani, domin su ja shi ya mutu. Kamfanin bai faɗa mana wannan a takardar shiri ba, ga shi maiɗakina ta sa baƙin mayafi a ranar, ta sha cizo kafin direban ya lura ya ba ta shawarar ta canza.

Yini na biyu shi ne inda na fara ganin raunin jadawalin. Mun kwana a garin Karatu, kuma daga can zuwa tsakiyar Serengeti tafiya ce ta kusan yini guda, domin kwalta tana ƙarewa a ƙofar Loduare, inda ake shiga yankin Ngorongoro, daga nan sai hanyar burji mai gargada da ƙura har ƙofar Naabi, inda ake shiga Serengeti. Wannan hanya ba laifin kowa ba ce, kuma tana da nata kyan, mutum yana hawa cikin kurmi mai hazo, ya leƙa kwarin daga sama, sannan ya gangara ta cikin rugagen Masai, makiyayan yankin, yana ganin raƙuman dawa suna kiwo kusa da shanu. Laifin kamfanin shi ne abubuwan da ya cusa a cikin yinin. Tun da safe an tsayar da mu a wani katafaren shagon kayan tsaraba, inda muka ɓata kusan awa guda ana tallata mana sassaƙe-sassaƙe da dutsen tanzanait, wanda a tuddan Mererani na ƙasar kaɗai ake haƙo shi a duk duniya. Babu wannan tsayawa a jadawalin da na sa wa hannu, kuma direban ya gaya mini gaskiya cewa umarni ne daga ofis. Daga baya aka sake tsayawa a wata rugar Masai da ke karɓar baƙi, inda sai da muka sauka aka ce akwai kuɗin da za a biya. Ba na ƙyashin abin da mutanen rugar suka samu, domin an fitar da kakanninsu daga Serengeti a 1959 aka mayar da su yankin Ngorongoro, kuma tun 2022 gwamnati ke kwasar wasunsu zuwa ƙauyen Msomera a yankin Tanga, lamarin da ya jawo jayayya mai zafi. Suna da haƙƙi a kan abin da ƙasarsu ke samarwa. Amma haƙƙin matafiyi ne a gaya masa tun farko, ya zaɓa da kansa.

Abin da ya sa waɗannan tsaye-tsaye suke da tsada shi ne yadda izinin shiga yake aiki. Awa 24 ake lissafawa daga lokacin da mota ta ratsa ƙofa, kuma ba a yarda a yi yawo a cikin gandun bayan faɗuwar rana ba. Mun ratsa Naabi wajen ƙarfe uku na yamma, wato hasken da ya rage mana bai wuce na awa uku ba, kuma rabinsa ya tafi a hanyar zuwa masauki. Kwana biyun da aka rubuta mana a Serengeti, idan aka cire hanya, yini ɗaya ne cikakke da safiya ɗaya.

Duk da haka, Serengeti ta fi ƙarfin a bayyana ta da baki, gani ya kori ji. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 14,750, an mayar da ita gandun ƙasa a 1951, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Daga tudun Naabi mutum yana ganin fili shimfiɗe har inda ido ya gaza, babu bishiya ko ɗaya. Direban ya ce tokar duwatsu masu aman wuta ce ta rufe yankin tun zamanin da, ta daskare a ƙarƙashin ƙasa ta yi tauri, saiwar bishiya ba ta iya huda ta, amma gajeriyar ciyawa mai gina jiki tana fitowa a kanta da zarar ruwa ya sauka. Nan da can akwai tarin duwatsu da suka ɓullo kamar tsibirai, kuma a kansu zakuna ke son kwanciya.

A yinin da muka samu cikakke mun fita tun ƙarfe shida na safe, kuma wannan ma sai da direban ya roƙi masu masauki su ɗaure mana karin kumallo mu tafi da shi. Kafin ƙarfe takwas mun ga rabbi, dabbar nan mai kama da damisa amma siririya mai dogayen ƙafafu, wadda ta fi kowace dabba gudu a doron ƙasa, tana zaune a kan suri tana nazarin wani garken barewa. Wajen hantsi muka tarar da zakanya uku da 'ya'ya biyar a gindin wata bishiyar ƙaya. Da rana ta ɗaga, ɗaya daga cikinsu ta taso ta zo ta kwanta a inuwar motarmu, ƙasa da taku uku daga tagar da nake zaune. Na ga ƙudaje a gefen idonta, na ga tsohon tabo a hancinta, na ga cikinta yana hawa yana sauka. Ba ta ko kalle mu ba, domin dabbobin nan sun saba da mota, suna ɗaukarta wani abu guda da ba ya cutarwa kuma ba a cin sa, shi ya sa doka ta hana fitowa daga mota sai a wuraren da aka keɓe. Direban ya hana mu motsi mai ƙarfi, bai kuma tayar da inji ba sai da ta tashi don kanta, bayan kusan minti 20.

A wurin damisa ne na ƙara ganin darajarsa. Direbobi suna da zaurancensu a oba-oba domin kada baƙi su ji sunan dabba su matsa musu lamba, zaki suna ce masa mai gashin baki, damisa kuwa ta sama. Da aka sanar cewa an ga ta sama a bakin kogin Seronera, muka nufi wurin, muka tarar da motoci sun haura ashirin sun yi cincirindo, kowa yana neman gaba, hayaƙi da hayaniya sun cika wurin, damisar kuma ta juya baya a kan reshe, wutsiyarta kawai ake gani. Direban ya duba ya ce, "Mzee, ta rataye nama a sama, ba za ta bar bishiyar nan yau ba. Mu tafi, gobe da asuba mu riga kowa." Na yi jinkirin amincewa, domin damisa ƙi sabo ce, ban ga abin da zai tsare ta ba. Washegari da sanyin safiya muka same ta a bishiyar nan, mu kaɗai da wata mota ɗaya, ta saukar da kanta tana cin ragowar barewar da ta maƙale a tsakanin rassa, ƙafafun barewar suna reto, wata kura kuma tana zagaya gindin bishiyar tana jiran abin da zai faɗo. Sau ɗaya wani direba ya bar hanya ya kutsa cikin ciyawa domin ya matso da baƙinsa kusa da zakuna, abin da doka ta hana, namu kuwa ya ƙi bin sa ko da ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu ya nemi haka, ya ce tayar mota tana kashe ciyawa da ƙwan tsuntsaye, kuma sawun da aka yi yau gobe wani zai bi shi.

Masaukinmu a Serengeti tantuna ne manya, kowane da gado da banɗaki, wuta ta hasken rana ce, ruwan wanka kuma ana ɗumama shi a zuba a bokitin da aka rataye a sama idan mutum ya nema. Babu shinge, saboda haka da dare ba a fita sai da rakiyar mai gadi da tocila. Mun kwana muna jin kukan kuraye, kuma gab da asuba muka ji gurnanin zaki daga nesa. Wurin yana da tsabta, ma'aikatansa kuma masu fara'a ne. Sai dai ba shi ne masaukin da aka rubuta mana ba. An canza shi ba tare da sanarwa ba, sai da muka isa muka ga wani suna daban a allo, kuma ya fi na farkon nisa daga kogin Seronera da kusan minti 40, wato kullum ana cire mana wannan lokaci safe da yamma daga sa'o'in da dabbobi suka fi motsi.

Babban ƙorafina shi ne batun ƙaurar nyumbu. Nyumbu dabba ce da ba mu da ita a dazukanmu, tana da ƙaho irin na saniya, da geza da wutsiya irin na doki, da gemu. Sama da miliyan ɗaya daga cikinsu, tare da jakunan dawa kimanin 200,000, suna zagaya yankin kowace shekara suna bin ruwan sama. Suna haihuwa a filayen kudu wajen Ndutu tsakanin Janairu da Maris, su nausa yamma da arewa idan ciyawa ta ƙare, sannan daga Yuli zuwa Oktoba suna can ƙarshen arewa, suna tsallaka kogin Mara mai kadoji, wanda ya ratsa arewacin Serengeti da gandun Masai Mara na Kenya. Yawansu ma yana da tarihi, domin cutar shanu ta bushiya, wadda ta shigo Afirka a ƙarshen shekarun 1880, ta daɗe tana danne su, har a farkon shekarun 1960 ba su wuce 250,000 da wani abu ba. Da aka yi wa shanun da ke kewaye da gandun rigakafi, cutar ta gushe daga namun daji, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 sun haura miliyan ɗaya. Hoton tsallaka kogin nan ne a saman tallar kamfanin, kuma da na tambaya a rubuce ko za mu ga ƙaurar a Satumba, amsar da aka ba ni ita ce lokacinta ne. Lokacinta ne kuwa, amma a yankin Kogatende, mai nisan awa huɗu zuwa biyar a mota daga inda aka sauke mu, kuma jadawalinmu bai doshi can ba. Direban ne ya zaunar da mu a daren farko ya zana mana taswira a bayan takarda, ya nuna mana inda garken yake da inda muke, ya ce zuwa da dawowa a yini ɗaya wahala ce kawai, kuma ko an je ba a da tabbacin za su tsallaka, domin sukan taru a bakin kogi su yini su juya. Mun gode masa da gaskiyar da ya faɗa, amma ofishin ne ya kamata ya faɗe ta kafin a karɓi kuɗi.

Daren ƙarshe mun kwana a bakin kwarin Ngorongoro, inda tsayin ƙasa ya haura mita 2,200, kuma sanyin wurin ya fi abin da mutum zai zata a kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, don haka a tafi da rigar sanyi mai kauri. Kwarin ragowar wani dutse ne mai aman wuta da ya rufta cikin kansa shekaru miliyan biyu zuwa uku da suka wuce, zurfinsa kimanin mita 600, faɗin ƙasansa murabba'in kilomita 260, kamar an ajiye ƙatuwar ƙwarya. Mun gangara da sassafe hazo bai washe ba, kuma a nan kamfanin ya yi daidai da ya sauke mu kusa da hanyar gangarawa. A ciki akwai ruwa duk shekara, saboda haka dabbobi da yawa ba sa fita. A nan muka ga nyumbu da jakunan dawa mazauna wurin, da ɓauna garke-garke carki yana bin bayansu yana cire kaska, da dorina a tafki, da gauraki suna kiwo bibbiyu, da torayen giwa masu dogon haure a gefen kurmin Lerai. Babu raƙumin dawa ko ɗaya a ciki. Mun kuma ga kuraye sun fi goma a kan gawar nyumbu, kuma direban ya gyara mana fahimtar da muka taso da ita cewa kura mushe kawai take ci. Binciken da masanin dabbobi Hans Kruuk ya yi a wannan yanki a shekarun 1960 ya nuna cewa kuraye su ke farautar mafi yawan abin da suke ci, kuma a cikin kwarin sau da yawa zaki ne ke ƙwace musu.

Karkanda ita ce abin da kowa ke nema a Ngorongoro. A tsakiyar shekarun 1960 akwai sama da 100 a kwarin, mafarauta masu neman ƙaho suka rage su zuwa ƙasa da 20 a shekarun 1990, kuma har yanzu ana gadinsu dare da rana. Mun ga guda ɗaya da ɗanta, amma daga nesa sosai, kuma a nan ne madubin hangen nesa guda ɗaya ya zama matsala, muna miƙa wa juna shi har suka shige cikin ciyawa, maiɗakina ba ta samu ta gan su da kyau ba. Wanda zai je ya sayi nasa.

Abincin masaukai yana da kyau, akwai shinkafa da wake da ganye da ugali, wato tuwon masararsu, da 'ya'yan itace. Mun nemi naman halal tun a rubuce, kuma masaukai biyu sun tabbatar mana da shi, na ukun kuma ya ba mu kifi. Abincin rana da ake ɗaurewa a kwali shi ne mai rauni, kusan abu ɗaya ne kullum, soyayyiyar kaza mai sanyi da burodi da dafaffen ƙwai da ayaba. A wurin cin abinci na Ngoitokitok da ke cikin kwarin, direban ya ce mu ci a cikin mota, domin shirwa takan kawo sura ta fizge abinci daga hannun mutum, kuma mun ga ta yi wa wani haka. Game da salla, tunda ba a sauka ko'ina, mun riƙa haɗa azahar da la'asar a wuraren hutawa, kuma tun daga yini na biyu direban da kansa yake ajiye mana ruwan alwala ya nuna mana wuri mai tsabta, ba tare da mun tuna masa ba.

Da muka koma Arusha na zauna da mai kamfanin na faɗa masa abubuwa uku, canjin masauki, da tsayawa a shago, da batun ƙaura. A kan masauki ya amsa laifi, ya ce na farkon ne ya cika, ya kuma mayar mana da bambancin kuɗin a ranar. A kan shago ya ce yawancin baƙi suna so. A kan ƙaura kuwa ya tsaya a kan cewa bai yi ƙarya ba, ni kuma na tsaya a kan cewa amsar da ya ba ni ta ɓoye abin da ya san ina tambaya a kai. Mun rabu da mutunci, kuma tukuicin da muka ba direban mun ba shi hannu da hannu da kuɗin ƙasar, shilin, da zuciya ɗaya.

Zan iya tura wani wurin wannan kamfani, amma da sharaɗin ya sa a rubuta masa sunan kowane masauki da nisansa daga wurin kallo, da lokacin da za a ratsa kowace ƙofa, da cewa ba za a tsaya a shago ko ruga ba sai da izininsa, ya kuma tambayi a wane yanki garken nyumbu yake a watan da zai je, kuma a wane yanki shi zai kwana. Wanda kuɗinsa bai kai kwana uku a Serengeti ba, gara ya haƙura da ita ya tsaya a Tarangire da Ngorongoro, waɗanda ke kusa da kwalta, ya more su a natse. Mu dai mun fara tanadin komawa a watan Fabrairu, lokacin haihuwar nyumbu, kwana uku a Ndutu ba tare da matsawa ko'ina ba, kuma na riga na gaya wa mai kamfanin cewa idan ba direban nan zai ba mu ba, za mu nemi wani kamfanin.